Shekarar da Tudun Marke Ta Kwance Darninta

Cikin shekara talatin da biyar da na yi ina aikin malamin gona, ranaku da yawa sun shige sun ɓace mini, amma ko daga barci aka tashe ni ba zan manta da wata Talata ba, a daminar 1984. Ranar ce na yar da babur ɗin gwamnati a tsakiyar hanya na ruga cikin gonar wata tsohuwa ina ihu ni kaɗai. Ku da kuka shigo aikin yanzu, kowa da waya a hannu tana faɗa masa ranar da ruwa zai sauka, ku gyara zama, don wannan ba a kwas za a koya muku shi ba.

Bari in fara da yadda aikin yake a lokacin. Malamin gona shi ne na ƙasa. Sama da shi akwai mai duba yanki, sama da wannan kuma akwai manyan hedikwata waɗanda ba ma ganinsu sai a takarda. Kowane malami za a ba shi ƙauyuka, da babur, da littafin aiki. Duk mako biyu a tara mu a ofishin yanki a ba mu darasi guda, mu kuma mu kwashe shi da zafinsa mu kai wa manoma. Ni an ba ni wasu ƙauyuka tsakanin Ɗanbatta da Makoɗa, babba a cikinsu shi ne Tudun Marke. Ɗan birni ne ni, haifaffen cikin ganuwar Kano, ban taɓa riƙe fartanya ba sai a makarantar koyon aikin gona. Shekarata ashirin da huɗu, ga babur, ga hular kwano, ga biro biyu a aljihu. Wa ya kai ni sani?

Darasin da aka ba mu a ranin shekarar shi ne gona mai tsafta. Ana so a yaɗa garmar shanu, ita kuwa garma ba ta shiri da kututture. Manoman wajen da ma sun saba da sassabe: a sare sabara da kalgo daga sama, a bar gindin, in ruwa ya sauka su sake tofowa. Mu muka ce a'a, a tono su har saiwa. Aka kuma kafa sharaɗi, ba wanda za a ba sabon irin gero da takin zamani sai malami ya je ya duba gonarsa ya sa hannu.

Ban sha wahalar shawo kan mutane ba, yunwa ce ta taya ni. Daminar da ta wuce ba ta yi kyau ba, rumbuna sun yi ƙasa, ga motocin itace suna zuwa daga Kano suna sayen kututture. Mutum ya tono, ya sayar, ya auno hatsi, ya kuma sami sa hannun malami, ina laifi? Kara da harawa kuwa tuni an kwashe wa dabbobi. Kafin zafin bazara ya kankama, in ka tsaya a bakin gari ka hanga, ƙasa ce tas har iyakar ganinka, kamar tsakar gidan da aka share. Daɗi ya kama ni. Mai duba yankinmu, Alhaji Bukar, wani Babarbare dogo da kakanninsa suka daɗe da zama a Kano, mutum ne mai tsare gida wanda bai cika yabo ba, amma a gaban taro ya kira sunana ya ce sauran malamai su yi koyi da ni. Ranar ko abinci ban iya ci ba don farin ciki.

Gona ɗaya ce ta ɓata mini lissafi. Ta marigayi Malam Ilu ce, wanda ya rasu cikin ranin. Babban ɗansa ya yi shekaru a ƙasar Makka, don haka Dagaci ya ce kada wanda ya sa gatari a gonar sai magada sun haɗu, tunda itacen da ke cikinta ma gado ne. Shuka dai ya yarda a yi, kada damina ta wuce. Matar marigayin, Iya Tabawa mai daddawa, tana cikin takaba, wata huɗu da kwana goma ba fita. Maƙwabta ne suka yi mata binne, wato suka zuba iri a busasshiyar ƙasa tun kafin ruwa, nan cikin sabara da kalgo da karan bara da ya zube ba wanda ya kwashe. Na je na duba, na ja tsaki, na soke sunanta daga masu karɓar iri. A rahotona na rubuta cewa ita ce gona mafi ƙazanta a yankina. Da hannuna na rubuta, Allah ya yafe mini.

Azumi ya kama a watan Yuni, ruwan shuka ya sauka, gari ya ɗauki murna. Aka shuka sabon iri, ya fito layi-layi gwanin kyau. Kwana takwas da fitowarsa, da la'asar, hadari ya taso daga gabas. Wanda bai zauna a jigawa ba bai san wannan ba: kafin ruwa iska ce ke fara isowa, kuma in ba ta sami abin da zai tare ta ba sai ta kwashi rairayi ta riƙa gudu da shi a ƙasa-ƙasa, daidai tsayin idon sawu. Gero ɗan kwana takwas ina ya ga ƙarfin wannan? Wani ta yanke shi, wani ta binne shi, wani ta tone shi ta bar saiwa a rana. Ruwan da aka yi ta jira kuwa ɗan yayyafi ne. Da safe gonaki suka wayi gari ja wur kamar an babbaka su.

Aka ce ƙaddara ce, aka sake shuka da ragowar iri. Ranar Litinin ta biyu bayan wannan shukar iskar ta dawo ta maimaita aikinta.

Ba gona kaɗai abin ya taɓa ba. Gyaɗa da ma ta riga ta juya wa mutanen baya tun shekarun baya, gero ne ya rage. Da geron ya tafi sai komai ya bi shi. Maƙeri ya daina hura wuta don ba mai kawo gyaran garma. Mahauci ya rataye wuƙa. A kasuwar Ɗanbatta akuya ta zama abin tausayi, kowa sayarwa yake yi ba mai saye. Samari kuwa waɗanda suka dawo daga cin rani don noma har sun fara tambayar ranar da mota za ta koma Kudu.

Da safiyar Talata Dagaci ya aika aka kira ni. Dattijo ne Bafulatani, siriri, mai son raha, kullum sai ya tsokane ni da ɗan birni. Ranar bai tsokane ni ba.

Ya ce, "Malam, zauna. Na bi gida-gida na tattara abin da ya rage, har zangarniyar da mata suka soke a rufin ɗaki don kunun azumi. Shuka ɗaya za ta yi, ita ma ba ta cika ba. Gidaje da dama sun riga sun ɗaure kaya, ni na roƙe su su dakata. In wannan ta bi 'yan'uwanta, ba cin rani za su tafi ba, tashi za su yi da mata da yara. Ni kuma ba ni da garin da zan yi wa dagaci. Kai da ka yi karatu, me littafinku ya ce?"

Littafinmu bai ce komai ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni zuwa gobe." Na fito na hau babur ba tare da na san inda na nufa ba.

Hanyar da na bi ta ratsa gefen gonar Malam Ilu, wadda na daina ko kallonta. Sai na ga kamar kore ya gifta ta wutsiyar idona. Na waiga. Jama'a, gero! Gero tsaye, kore shar, tsayinsa ya kusa taƙi guda! Ban san lokacin da na saki babur ba, ya faɗi yana ta kuka a ƙasa ni kuwa na yi cikin gona da gudu. Na durƙusa a bayan wata sabara. Ta gabas rairayi ya taru ya yi tudu a gindinta, ta yamma kuwa shuka ce lafiya lau ko ƙwarzane babu. Na ruga ga kalgo, haka. Na duba inda karan bara ya kwanta, ko kara ɗaya ne sai ka ga ya tare ɗan rairayinsa, ga tsiro a bayansa. Na tona ƙasa da yatsa a ƙarƙashin busasshen ganye na ji laima. Na tsallaka iyaka taku uku zuwa gonar maƙwabci, wadda na sa wa hannu da kaina, ƙasa ce busasshiya ƙurmus. Na dawo na sake tsallakawa, na sake dawowa, ina ta cewa "Allahu Akbar! Kai! Kai!" Murna da kunya suka haɗu suka rufe ni. Abin da na sa gari guda ya tono, ashe shi ne yake tsaron gonakinsu tun kaka da kakanni.

Daga nan sai ƙofar gidan Iya Tabawa. Mai takaba ba ta fitowa, don haka na yi sallama na tsaya a bayan darni, ita kuma ta amsa daga ciki. Ban taɓa ganin fuskarta ba sai bayan wata guda, amma muryar nan ko a kasuwa na ji ta zan gane.

Ta ce, "Wane ne? Au, malamin da ya ce gonata juji ce?"

Na ce, "Iya, ni ne. Tuba na zo yi. Gonarki ce kaɗai ta tsira a garin nan."

Ta ce, "Alhamdu lillahi. Ai marigayi bai taɓa yarda a tone masa sabara ba. Aski kawai yake mata. Yakan ce ita ce zanen gona."

Na ce, "To Iya, yanzu yaya za a yi? An riga an tone, ba ta fitowa a kwana uku. Kara zai iya tarewa, na gani da idona, amma kara ya ƙare a garin nan, dabbobi sun cinye."

Sai na ji ta yi 'yar dariya. "Ɗan nan, kai da ka yi boko. Jiya da aka yi iskar nan ina zaune a tsakar gida ina tsince kalwa, ko ƙwaya ba ta tashi ba. Me ya tare mini?"

Na ce, "Darni."

"To me kake jingine da shi yanzu?"

Na ja da baya na dubi abin da na jingina. Kara ne, ɗaure ƙam, ya fi ni tsayi. Na juya na dubi gari. Tudun Marke ba garin katanga ba ne, in ka cire masallaci da zauren Dagaci da 'yan gidaje kaɗan, kowane gida darnin kara ne ya kewaye shi. Karan da nake cewa ya ƙare ga shi nan tsaye jere, ya cika gari. Ko sallama ban yi mata ba na kwasa da gudu.

Bayan azahar aka taru a ƙofar Dagaci, kowa leɓe ya bushe da azumi. Na fara da faɗar laifina a fili, na ce ni na sa aka yi wa gonaki tsirara. Sannan na faɗi shawara: a kwance darnin gidaje a kai gona. Sai wurin ya kaure da hayaniya. Wani magidanci mai suna Mamman Dogo ya miƙe tsaye.

"Haba Malam! Ka tsiraita mana gonaki bai ishe ka ba, yanzu iyalinmu za ka tsiraita? Duk mai wucewa ya ga matata tana daka? Wallahi gara in ɗaure kayana in bi Kudu da mutuncina!"

Da yawa suka goya masa baya, kuma ni ban ga laifinsu ba. A wurinsu darni shi ne mutuncin gida, wanda darninsa ya zube bai gyara ba ko 'ya ba a son ba shi. Dagaci ya dubi Liman. Liman ya ce shi dai abin da ya sani, sutura wajibi ce, tsare rai ma wajibi ne, in za a sami dabarar haɗa biyun to a nema. Aka yi ta ja-in-ja har inuwa ta fara tsawo. Ni na riga na sare.

Muna cikin haka sai muka ji wani abu ya faɗi rim daga yamma, ƙura ta tashi. Kowa ya waiga. Darnin Iya Tabawa ne kwance a ƙasa gaba ɗaya. Ashe matan unguwa ta tara, suka bi igiyoyin tanka da wuƙar yanka kuɓewa suka tsinke, ita ta shige ɗaki ta saki asabari. Daga can cikin ɗakin ta ɗaga murya, kuma da yake ba abin da ya raba mu da ita yanzu sai fili, kowa ya ji.

"A gaya wa Mamman, ranar wanka ba a ɓoyon cibi! In ya kwashi matarsa ya kai ta tashar mota a Kudu, da wane darni zai kewaye ta a can?"

Wani ya tuntsire da dariya, sai wuri ya ɗauka. Kafin a gama dariyar wani darnin ya sake faɗuwa ta kudu, sai wani ta bayan masallaci. Mata sun riga mu yanke shawara. Mamman Dogo ya tsaya baki buɗe, can ya ce, "To ai shi ke nan, tunda masu cibin sun yarda."

Nan take Dagaci ya tsara doka, mai shela ya zaga da ita. Za a bar abin da ya kewaye makewayi, saura a kwance. Maza su fice gona tun da sassafe, kada wanda ya dawo sai la'asar, in zai dawo kuma ya bi hanyar gidansa kai tsaye, ido a ƙasa, yana gyaran murya. Baƙo namiji ba ya shiga gari, a tare shi a gindin marken bakin hanya. Mata su kafa tabarmi da zannuwa a inda suke girki, su kuma za su fito da karan bakin gari, maza su ɗauka daga nan.

Kwana uku muka yi muna wannan aiki, da azumi a baki, kuma ban taɓa ganin aiki mai daɗinsa ba. Jakuna na kai da kawowa, tsofaffi na murza igiya, mata na guɗa daga cikin gari, mu muna amsawa da waƙar gayya daga gona. Awaki suka ga banza ta faɗi, suka riƙa shiga gida-gida ba sallama. Wani ya gano kazarsa da ta ɓace tun bara tana kwanci a gidan maƙwabcinsa, Dagaci ya ce a ajiye wannan shari'a sai kaka.

Karan ba zai ishi dukan gonaki ba, don haka muka ce kowa ya zaɓi gona ɗaya, mafi kusa da gari wadda ta fi shan taki. Muka ja layuka daga kudu zuwa arewa, don su gitta wa iskar gabas, taku goma tsakanin layi da layi. A kowane layi a kakkarya kara a kafa shi tsaye daidai gwiwa, ragowar a shimfiɗa a tsakani a danne da ƙasa. Ba wanda ya koya mini wannan awo, daga tazarar sabarar Iya na kwaikwaya. Tafin hannuna ya yi kanta ya fashe, Dagaci ya gani ya ce yau ɗan birni ya zama mutum. Ruwa ya sauka ana jajiberin Sallah, washegari daga filin idi kowa ya wuce gona da sungumi, da rigar Sallarsa a jiki.

Shuka ta yi mako guda da fitowa sai ga motar ofis ta tsaya a gindin marke. Alhaji Bukar ne ya zo duba aiki, ba sanarwa. Masu gadin hanya suka ce ba shiga. Aka kira ni, muka zo tare da Dagaci. Na tarar da shi tsaye ya riƙe ƙugu yana kallon gonakin da ya yaba mini a kansu, yanzu duk kara ne birjik.

Ya ce, "Malam, mene ne wannan? Wa ya ba ka izini? Ka san wannan karan gidan tsutsa ne da gara? Gobe ka zo ofis ka karɓi takardar neman ba'asi."

Ga waɗanda ba su sani ba, wannan takarda in ta shiga fayil ɗinka, ƙarin girma ya yi nisa. Na fara bayani, sai Dagaci ya katse ni. Kun san tsakanin Fulani da Barebari akwai wasa. Ya ce, "Kai Malam, rabu da shi. Yaushe bawana ya san noma? Su da aka raine su da kifi busasshe." Alhaji Bukar ya so ya yi dariya ya danne, ya ce, "Bafulatani, ka bari, aiki nake yi." Dagaci ya nuna gabas da sandarsa ya ce, "To ga mai duba aikin can tafe, ya fi ka girma. Ka jira shi."

Muka juya. Gabas ta yi baƙi ƙirin, ƙasanta kuma ja. Mutane suka firfito daga gonaki suka taru a bakin hanya, ba mai magana sai salati. Iskar ta iso. Muka shige mota mu uku, direba ya ɗaga gilashi, rairayi na dukan ƙarfe kamar ana watsa tsakuwa. Ba ka ganin ko bakin motar. Dagaci na jan carbi, ni na runtse ido ina cewa a raina, ya Allah kada ka kama mutanen nan da wautata. Ban san tsawon lokacin da ta ɗauka ba. A ƙarshe dai ruwa ya biyo baya, ya kwantar da ƙurar.

Tun bai gama tsagaitawa ba na ɓalle ƙofa na fita. Ba ni kaɗai ba, gari guda ne ke gudu zuwa gona cikin ruwa. Na isa layin farko na zube. Rairayi ya taru a gaban karan har ya kusa shafe shi, a bayansa kuwa ga gero nan tsaye yana ɗigar da ruwa. Layi na biyu, tsaye. Na uku, tsaye! Na ji Mamman Dogo daga can gonarsa yana kururuwa, "Yana nan! Wallahi yana nan!" Wannan ya kira daga nan, wancan ya amsa daga can, sai guɗa ta ɓarke daga cikin gari, tunda ba darni mata suna hango komai. Na ga dattawa masu furfura suna rungume juna. Ni kuka nake yi wiwi, ruwan sama ya rufa mini asiri.

Da na waiwaya sai na ga Alhaji Bukar durƙushe a cikin taɓo da farar rigarsa, yana tona gindin kara da hannu. Ya tashi ya taka har inda layuka suka ƙare, ya ga yadda iska ta share wurin tas, ya dawo.

Ya dube ni ya ce, "Taku nawa ka bari tsakani?"

Na ce, "Goma, ranka ya daɗe."

"Wa ya koya maka?"

Na ce, "Wata tsohuwa mai takaba, wadda na soke sunanta."

Ya girgiza kai. "Gobe ka zo ofis. Ba takarda za ka karɓa ba, allo za ka hau ka yi wa sauran malamai bayani. Sunanta kuma ka mayar." Dagaci ya ce, "Ka ga, bawan nawa yana da hankali in ya jiƙa."

Kada in yi muku ƙarya, ba a yi arzikin kaka a shekarar ba. Ruwa ya ɗauke da wuri, gara ta ci rabonta na kara kamar yadda Alhaji ya faɗa, abin da aka girbe bai kai kowa ga wata damina ba. An sha wuya, samari sun tafi cin rani tun kafin a gama sussuka, gida biyu ko uku ma sun tashi. Amma an sami iri, an sami na 'yan watanni, kuma wannan ya isa ya sa magidanci ya kwance kayan da ya ɗaure. Daga shekarar duk inda sabara ko kalgo ko gawo ya tofo a gonar Tudun Marke, aski ake masa.

Akwai kuma wani ɗan ƙauye a yankin nawa, arewa da nan, da ake kira Gidan Kanya. Su ma na sa su sun tone, su ma na sa musu hannu. Da na isa gare su da dabarar kara, irinsu ya riga ya ƙare a shuka ta uku. Suka tashi gida-gida. Bayan na yi ritaya na bi ta wurin, ban sami komai ba sai bakin rijiya da maƙabarta. Na tsaya na yi musu addu'a, na daɗe ban iya tada mota ba.

Abin da wannan aiki ya koya mini ke nan. Manomi ba ya ajiye abu a gonarsa a banza, ko da shi kansa ba zai iya faɗa maka dalilin da turancinku ba. In ƙasa ta tafi, kasuwa na bin ta, maƙera na bin ta, masallaci ma sai ya rasa sahu. Don haka duk abin da kuka tarar tsaye a gonar mutum, ko kututture ne, kafin ku ce a cire ku tambayi aikin da yake yi, ku tambayi har wanda ba ya zuwa taro. Biron da ke aljihunku ya fi gatari kaifi. Ni da nawa na tashi gari guda, kuma da ƙyar wata tsohuwa ta hana ni tada na biyu.